Sanyi Ya Kashe Kifi, Hukuma Ta Hana Su: Halin Da Masu Jiragen Shata Su Ke Ciki A Gaɓar Tekun Amurka

Ran 21 ga watan Janairu na shekarar 2025 dusar ƙanƙara ta sauka a birnin New Orleans, can kudancin Amurka, har tudunta ya kai inci 8. Wannan kuwa gari ne na zafi da fadama da sauro, babu wani mai rai a cikinsa da ya taɓa ganin ƙanƙara mai yawan haka a ƙofar gidansa. Sanyin bai tsaya nan ba. Ya bi gaɓar teku ya yi gabas, ya game arewacin jihar Fulorida, ya haura har jihohin Karolina. Da gari ya yi dama-dama masu jirage suka fita, sai suka tarar da kifaye a wurare da yawa, waɗansu sun mutu sun taso, waɗansu suna juyi a saman ruwa kamar masu maye, har yaro ma ya iya sa hannu ya ɗauka. Ran 24 ga watan, hukumar da ke kula da kifin teku a jihar Karolina ta Arewa ta yi shela, ta hana kowa ɗaukar wani irin kifi mai daraja ƙwarai a wurinsu, ko don ci ko don sayarwa, har zuwa watan Yuni.

Mun ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayanin wannan al'amari, domin a cikinsa akwai wata tambaya da ta shafi kowace ƙasa mai ruwa da masunta. Tambayar ita ce, in bala'i ya faɗa wa dukiyar da jama'a suka yi tarayya a kanta, wa zai ɗauki asarar, kuma wa ke da ikon cewa a dakata? Waɗanda abin ya fi taɓa wa aljihu su ne masu ƙananan jiragen shata, watau mutanen da sana'arsu ita ce su ɗauki baƙo a jirginsu, su kai shi inda kifi ya ke, ya jefa fatsa don nishaɗi, ya biya su ladan yini. Mun sani wani zai yi dariya in ya ji mutum na biyan kuɗi masu yawa don ya kama kifi, wani lokaci ma ya sake shi ya koma ruwa. Amma fa dubban magidanta ne ke cin abinci da wannan sana'a, tun daga jihar Teksas har zuwa Karolina, ban da masu masauki da masu sayar da mai da masu gyaran inji waɗanda ke raɓe da su.

YADDA RUWAN YA KE

Kafin a gane abin da sanyi ke yi wa kifin, sai an san irin ruwan da a ke magana. Ba tsakiyar teku mu ke nufi ba, inda manyan jirage ke bi. A gaɓar nan akwai dogayen tsibirai na rairayi da suka yi layi, suka kare ƙasa daga igiyar ruwa. Tsakanin tsibiran da ƙasa kuwa sai ga tafkuna na ruwan gishiri, da bakunan koguna, da fadamu masu ciyawa, da 'yan rafuka masu laka da kawa. Yawancinsu ba su da zurfi. Babban tafkin da a ke kira Laguna Madre a kudancin Teksas, misali, duk da tsawonsa ya wuce mil 100, zurfinsa a galibin wurare bai fi ya kai wa mutum ƙugu ba.

Wannan rashin zurfi shi ne asalin maganar duka. Mu kan gwada wa ɗalibanmu abin a saukaƙe. A daren hunturu a zuba ruwa a faranti, a kuma cika tulu, a bar su a waje. Da asuba a sa yatsa, za a ji na faranti ya yi sanyi ƙarara, na tulu kuwa da sauran ɗumi. To, tafkunan nan su ne farantin, teku ita ce tulun. Kifi kuwa ba shi da ɗumin jiki na kansa kamar mutum ko akuya, zafin jikinsa na bin zafin ruwan da ya ke ciki ne. In ruwa ya yi sanyi sai jininsa ya yi sanyi, ƙarfinsa ya ragu, cin abincinsa ya ragu. In abin ya yi tsanani sai ya sandare, ya kasa ko motsa ƙaya, daga nan sai mutuwa.

Sanyin ƙasar ba ya zama wuri ɗaya wata da watanni. Tun daga Disamba har Fabrairu, bayan 'yan kwanaki kaɗan sai wata iska mai ɗari ta taso daga arewa, daga wajen Kanada, ta keto tsakiyar ƙasa inda babu duwatsun da za su tare ta, ta faɗo gaɓar teku. Kafin ta iso gari ya kan yi ɗumi da gajimare. In ta iso sai ta yi kwana ɗaya ko biyu tana bugawa, sa'an nan sama ta washe, dare ya yi ɗari, daga baya kuma ɗumi ya komo a hankali har wata ta sake tasowa. A gaɓar Tekun Meksiko iskar nan ta arewa ta kan tura ruwan tafkuna zuwa teku, har wuraren da jirgi ya bi jiya su zama laka tsagwaronta yau. Har wa yau ruwan ya kan yi garau, domin 'yan mitsi-mitsin tsire-tsiren da ke gurɓata shi da bazara sun ragu.

INDA KIFI KE FAKEWA

Kifaye huɗu ne a ka fi nema a wannan ruwa. Na fari shi ne wanda su ke kira turawut na teku, mu kuwa za mu ce da shi ɗige-ɗige, saboda baƙaƙen ɗigon da ke bayansa. Shi ne wanda a ka hana ɗauka a Karolina ta Arewa. Na biyu jan kifi, mai baƙin tabo kusa da wutsiya, mai ƙarfi da jimirin sanyi. Na uku sunuk, wanda ya yi kama da giwan ruwa namu ƙwarai, shi kuwa ɗan ƙasar zafi ne, an fi samunsa a kudancin Fulorida, ba ya son sanyi ko kaɗan. Na huɗu su kan ce da shi kan tunkiya, don haƙoransa kamar na tunkiya su ke, da su ya ke fasa ƙaguwa da kawa a gindin ginshiƙan gadoji, kuma lokacin sanyi ne kakarsa.

Da iskar arewa ta buga, kifayen nan su kan bar fili su nemi mafaka. Su kan taru a ramuka masu zurfi, da hanyoyin da a ka haƙa wa jirage, da magudanan da ke bayan gidaje, inda ruwan ƙasa bai yi sanyin na sama ba. In rana ta take, sai su fito su kwanta bisa baƙar laka, domin baƙin abu ya fi shan zafin rana. Waɗansu kuma su kan nufi bakin tashoshin wutar lantarki, inda a ke sako ruwa mai ɗumi daga inji. A can su ke gamuwa da ayu, ɗan'uwan wanda ke cikin Binuwai da Kwara, gama shi ma ba ya jure ruwan da ya gaza digiri 20 a ma'aunin santigired, ɗaruruwansu ke taruwa a bakin wata tasha kusa da birnin Tampa kowace shekara.

Gwanin jagora ya san duk wannan kamar yunwar cikinsa. Da bazara ya kan fita tun da asuba, amma da sanyi sai ya ce wa baƙonsa ya yi barcinsa, a fita da hantsi. Ya kan rage girman ƙugiya da kaurin zare, ya sa jatan lande mai rai ko ɗan kifin roba, ya ce a riƙa jansa sannu-sannu a ƙasa, don kifin da jikinsa ya mutu ba ya bin abinci da gudu. In sun shiga fili mai ruwa kaɗan sai ya kashe inji, ya hau wani ɗan dandamali a bayan jirgin, ya riƙa tunkuɗa shi da doguwar sanda ba ƙara, yana hangen garken jan kifi daga nesa. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, a ruwan sanyi mai haske kuwa maganar ta tabbata, ko inuwar mutum ta gitta sai garken ya watse.

A nan ne masu karatu za su lura da wani abu. Lokacin da kifi ya fi rauni, shi ne lokacin da ya fi taruwa wuri guda. Wanda ya san ramin da suka fake ya iya tsayawa nan ya cika jirgi kafin azahar, alhali da bazara sai ya yi yawon mil da yawa bai sami rabin haka ba. Watau ranar da kamu ya fi sauƙi, ita ce ranar da ɓarna ta fi sauƙi.

SANA'AR SHATA

Ba kowa ke tashi ya zama jagora ba. Duk wanda zai ɗauki fasinja da kuɗi a ruwan gishiri sai ya sami lasin daga Hukumar Tsaron Gaɓar Teku ta Amurka. Ƙaramin lasin, wanda yawancinsu ke riƙe da shi, ya ba mutum iznin ɗaukar fasinja har shida. Kafin a ba shi sai ya nuna shaidar ya yi kwana 360 yana aiki a kan ruwa, ya ci jarrabawa a kan dokokin hanyar jirage da karatun taswira, likita ya duba shi, an kuma tabbatar ba ya shan ƙwaya. Bayan wannan kowace jiha tana da nata lasin. A Fulorida lasin mai jirgi ya ɗauke wa fasinjojinsa, amma a Teksas kowane mai fatsa sai ya yanki nasa.

Jiragen ƙanana ne, da wuya su ɗauki fiye da mutum uku ko huɗu cikin walwala. A kan yi shatar rabin yini, watau kamar sa'a huɗu, ko yini guda, ladan kuwa ɗaruruwan daloli ne. Mai jirgi shi ke kawo mai da fatsa da abincin ƙugiya da ƙanƙarar adana kifi, in an komo ya fere kifin ya miƙa wa baƙo. Wanda ya ji yawan kuɗin ya kan zaci riba ce zalla, amma a ciki ne za a biya bashin jirgi da inshora da gyaran inji da kuɗin matsaya.

A kudancin Fulorida lokacin sanyi shi ne kakar baƙi, domin mutanen jihohin arewa da na Kanada, musamman tsofaffin da suka bar aiki, su kan gudo wa ƙanƙara su zauna can wata biyu ko uku. A Karolina kuwa kasuwa ta kan ja baya, sai 'yan tsirarun da suka ƙware. A kudancin Teksas akwai masu zuwa daga nesa musamman don manyan ɗige-ɗige, su sa rigar roba har ƙirji su shiga ruwan sanyi da ƙafa suna nema. Ko'ina dai iska ce mai hukunci. Baƙo ya yi alkawari tun wata biyu, ya hau jirgin sama ya zo, ran fita sai iskar arewa ta tashi. Jagoran kirki ya kan ce a fasa, ya yi asarar yinin, domin ya san wanda ya faɗa ruwan sanyi hannuwansa kan mutu cikin 'yan mintoci, ko da gwanin iyo ne.

SHEKARUN DA A KE TUNAWA

Sanyin kowace shekara kifi ya saba da shi. Abin tsoro shi ne babban ɗari mai faɗowa farat ɗaya, wanda ba ya ba kifi sukunin isa mafaka, ko kuwa mai daɗewa har mafakar ita ma ta yi sanyi. A Teksas an ƙiyasta kifin da ya mutu a watan Disamba na 1983 ya kai miliyan 14. A 1989 abin ya faru sau biyu, a Fabrairu da Disamba, jimlar ta kai wajen miliyan 17.

A watan Janairu na 2010 sanyi ya kwanta a Fulorida kusan mako biyu. Sunuk ya mutu ba iyaka, ayu ma fiye da 700 suka mutu a jihar cikin shekarar nan, da yawansu saboda sanyin. Hukumar jihar ta hana ɗaukar sunuk nan da nan. A gaɓar gabas an buɗe bayan 'yan watanni, amma a gaɓar yamma, inda ɓarnar ta fi yawa, ba a buɗe ba sai ran 1 ga Satumba na 2013.

Sa'an nan ga na Fabrairu 2021 a Teksas, wanda ya kashe wutar lantarki a gidaje miliyoyi, gwamnatin jihar kuma ta ƙidaya mutum 246 da suka rasu ta dalilinsa. A bakin teku an ƙiyasta kifi miliyan 3.8 ne ya mutu, iri 61. Kashi 91 cikin 100 ƙananan kifaye ne da masu fatsa ba su nema, amma su ne abincin manyan. Cikin kashi 9 da suka rage, kusan rabi ɗige-ɗige ne, Laguna Madre kuwa ita ta fi shan wuya, saboda dalilin farantin nan da mu ka ambata. Kunkurun teku dubbai a ka tsamo a sandare, a ka jera su a wani babban zauren taro a tsibirin Padre ta Kudu har waɗansu suka farfaɗo.

Akwai wani abu kuma da masana suka lura da shi. Da ya ke shekarun nan sanyi ya kan yi sauƙi sau da yawa, sunuk da itatuwan fadamar gishiri na ƙasar zafi sun yi ta matsawa arewa, zuwa wuraren da a da ba a cika ganinsu ba, kamar wajen Cedar Key a Fulorida. Masu jirage sun yi murna da baƙon kifi. Amma ɗumin shekara goma bai hana ɗarin dare uku zuwa ba, kifin da ya yi nisa da gida kuwa shi ne farkon faɗuwa.

ABIN DA HUKUMOMI SUKA YI

Matakan iri uku ne. Na fari shi ne rufe mafaka kwana biyu ko uku sa'ad da ɗarin ke kan ganiyarsa. Teksas ta yi haka a Fabrairu 2021, ta lissafta ramuka da hanyoyin jirage inda kifi ke taruwa, ta hana jefa ko da ƙugiya guda a cikinsu.

Na biyu shi ne hana ɗauka har kifin da ya tsira ya yi ƙwai. Karolina ta Arewa ta rubuta ƙa'idarta tun kafin bala'i ya zo. In ruwa ya tsaya a digiri 5 ko ƙasa har kwana takwas a jere, ko ya sauka digiri 3 yini da kwana, ko kuwa ma'aikata suka ga kifi a sandare a wurare da dama, to, a rufe. Da wannan a ka rufe a 2018, da shi kuma a ka rufe a 2025. Dalilin kai wa Yuni shi ne ɗige-ɗige na fara zuba ƙwai da bazara, kowace uwa da a ka bari ta kai wannan lokaci za ta mayar da dubbai. Fulorida ma ta kan rufe ɗaukar sunuk kowace shekara a tsakiyar sanyi, ko an yi ɗari ko ba a yi ba.

Na uku shi ne rage yawan da mutum zai ɗauka, da ƙayyade tsawonsa. Kafin 2021 mai fatsa a Teksas ya iya komawa gida da ɗige-ɗige biyar a yini. A watan Afrilu na shekarar nan a ka mai da shi uku a Laguna Madre, a 2022 a ka faɗaɗa dokar zuwa waɗansu tafkuna, a 2023 ta ƙare a ka koma biyar, sa'an nan a watan Maris na 2024 a ka sa uku a gaɓar jihar duka, masu tsawon inci 15 zuwa 20, a ka kuma tsananta a kan ɗaukar manya. Hikimar barin manya ita ce yawancinsu mata ne, su suka fi ƙwai. A wajen sunuk ma abin ya fi ban mamaki, gama duk namiji a ke haifarsa, sai ya girma waɗansu su juye su zama mata.

Jihar Luwiziyana ta bi wannan hanya ko da ya ke dalilinta dabam ne, watau yawan kamu da zaizayar fadamu, domin tun daga 1932 teku ta cinye mata ƙasa wajen murabba'in mil 2,000. Bayan an shafe shekaru ana jayayya, a watan Nuwamba na 2023 a ka rage ɗige-ɗige daga 25 zuwa 15, a watan Yuni na 2024 kuma jan kifi ya koma huɗu daga biyar. Dokokin biyu sun hana jagora da yaransa ɗaukar nasu rabo in suna tare da fasinja. A da rabon jagora ya kan shiga buhun baƙo a matsayin gyara.

WA KE ƊAUKAR ASARAR?

Ba a rasa masu ƙorafi ba, kuma bai kamata a yi watsi da maganarsu ba. Waɗansu jagorori sun ce baƙon da ya biya kuɗi mai yawa yana so ya koma da abin miya, in an ce kifi uku kaɗai zai ɗauka sai ya nufi wata jiha. Masunta masu sayarwa a Karolina ta Arewa sun ce su ba wasa su ke yi ba, in an rufe wata biyar babu mai biya musu kuɗin makarantar 'ya'ya, alhali mai jirgin shata ya iya ci gaba da fita yana kamawa yana saki. Su kan tuna da abin da ya sami 'yan'uwansu a waɗansu jihohi. Teksas ta hana sayar da jan kifi da ɗige-ɗige na ruwanta tun 1981, mutanen Fulorida kuwa suka jefa ƙuri'a a 1994 suka hana kalli a ruwan jihar, daga 1995 iyalai da yawa suka bar sana'ar kakanninsu, waɗansu suka koma kiwon kawa da makamantanta, waɗansu suka zama jagorori. Sai kuma talaka mai tsayawa a kan gada da fatsarsa don abin da za a ci da dare. Shi ba shi da ƙungiya, ba a cika jin muryarsa a wurin taro ba.

Duk da haka, a ganinmu hukumomin nan sun yi daidai, kuma shaidar tana cikin abin da ya biyo baya. Sunuk na yammacin Fulorida ya komo bayan an yi masa haƙurin shekara uku da 'yan watanni, har a ka buɗe kamunsa. Tafkunan Teksas sun farfaɗo bayan 1983 da 1989. Abin lura kuma, bayan ɗarin 2021 da yawa daga cikin jagororin Teksas su da kansu suka riƙa roƙon baƙinsu su saki abin da suka kama, tun doka ba ta tilasta ba, suka kuma goyi bayan a rage yawan. Ba don sun fi kowa tausayi ba ne. Lissafi suka yi. Kifin da a ka soya sau ɗaya ya ke kawo kuɗi, wanda a ka saki kuwa wataƙila wani baƙon ya sake kama shi baɗi, ya kuma bar 'ya'ya. Jarin mai shata yana cikin ruwa, jirgi da inji kayan aiki ne kurum.

Amma sakin ma yana da ladabi. Kifin da a ka daɗe ana ja, a ka riƙe shi a iska mai ɗari ana ɗaukar hoto, ko an mayar da shi ba lalle ya rayu ba. Saboda haka jagoran da ya tsaya bisa ramin mafaka yini guda yana kamawa yana saki, ya ce bai karya doka ba, gaskiya ne bai karya ba, amma ya yi ɓarna. Nan ne doka ke ƙarewa, hali ya karɓa.

Abin da ya fi burge mu cikin tsarin duka shi ne rubuta ƙa'ida tun ruwa na ɗumi. In an bari sai kifi ya taso a mace sa'an nan a zauna shawara, kowa zai zo da son zuciyarsa, kafin a gama kuwa an kwashe abin da ya saura. In kuwa kowa ya san digiri kaza kwana kaza shi ne iyaka, babu wanda zai ce an yi masa don ƙiyayya. Inda mu ke ganin da sauran gyara shi ne wajen rabon asarar. Wanda a ka hana sana'arsa wata biyar don amfanin kowa, ya cancanci a dube shi, ko da rangwamen kuɗin lasin ne, ko ba shi aikin ƙidayar kifi tare da ma'aikatan hukuma, tun da ya fi su sanin ruwan.

Wannan dabara ta hana su don kifi ya huta ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. A Argungu an san ba a taɓa ruwan Matan Fada sai ranar da a ka ba da izni, Sarkin Ruwa da mutanensa ke tsaronsa, shi ya sa a ke fid da giwan ruwa wanda sai ƙato ya ɗauka da ƙyar. Bambancin kaɗai shi ne su can sun haɗa da ma'aunin zafi da littafin ƙidaya, suna rubuta abin da ya mutu da abin da ya tsira kowace shekara, har su iya gaya wa mai gardama lamba. Muna fata ɗalibanmu masu shirin zama malamai, musamman waɗanda za a tura garuruwan bakin kogi da tafki, za su riƙe wannan, su koya wa yaran masunta awo da rubuta abin da iyayensu ke kamawa wata-wata.

Su kuwa masu jiragen shata, daga Teksas har Karolina, kowane Disamba idonsu na arewa. In iskar ta zo da sauƙi sai su fita da hantsi su nemi baƙar laka. In ta zo da ƙarfi kuwa, abin da zai nuna ko sana'ar za ta kai ga 'ya'yansu shi ne yawan waɗanda za su ɗaure jiragensu a matsaya, su bar kifin da ke cikin rami ya kai bazara.